Hoton Emaye a Kofin Takarda

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai in bar Wubalem ta huta haka nan ta ci ribar cinikinta, ni ma haka na so mata. Ba yadda na iya. Ga abin da ya biyo baya.

*

Wubalem tana tsaka da tsiyaya wa direbobi gahawa aka jefo wani abu kan teburinta, har ya bugi butar ƙasar da ke hannunta.

Kofin takarda ne a murƙushe, jiƙe sharkaf da ruwan kwata. Nata ne. Duk da taɓon ta gane sunan shagonta, Gahawar Emaye, wato Gahawar Inna a yarensu, ta gane fuskar da ke ƙarƙashin sunan. Mahaifiyarta ce lokacin ƙuruciya, da shuɗin zanen fata layi-layi a wuya, da ɗan gicciye a goshi, tana murmushi wushiryarta a waje.

Ta ɗago kai.

Etiye Askale ce, aminiyar mahaifiyarta kuma maƙwabciyarsu, wadda Wubalem ta buɗe ido ta gani a gidansu. Tun farkon damina ta tafi Debre Libanos neman ruwan tsarki saboda ciwon gwiwa. Ko jakarta ba ta ajiye ba, farin mayafinta duk ya jiƙe.

"Etiye! Yaushe a gari? Ai na ɗauka sai bayan azumin Maryam za ki..."

"A kwata na tsinto ta."

"Na'am?"

"A kwata, Wubalem. Gaban mai facin taya. Ina kallo wani kwandasta ya taka mata fuska ya wuce."

Shagon ya yi tsit. Mai taunar gugguru ma ya tsaya.

Gashe Demissie, tsohon direban da ba ya tayar da mota sai ya sha gahawar gidan, ya yi gyaran murya.

"Haba Askale, daga dawowa sai faɗa? Ruwan tsarkin bai sauko har kan harshe ba kenan. Ai kofin nan ya fi mu farin jini a tashar Asko, fasinja sai ya ce in ba mai hoton Emaye ba ba ya sha."

"Demissie, da kai nake?"

"A'a."

"To ka sha abin da ka biya ka yi shiru."

Ta damƙi hannun Wubalem ta ja ta bayan labule, inda ake suyar gahawa. Hayaƙin turare da na gawayi ya cika wurin.

"Wa ya ba ki hoton nan?"

"Ba wanda ya ba ni. A ƙasan akwatinta na gani, a naɗe cikin tsohon mayafi."

"Abin da mutum ya naɗe ya tura ƙasan akwati, talla yake so a yi masa da shi?"

"Etiye, ki tsaya ki ji ni."

"Ina jin ki."

"Kin tafi kin bar ni ina korar ƙuda. Tun da aka buɗe shagon gilashin can na tsallake, direbobi suka koma can. Kowa a layin nan farin kofi yake ba mutane, ba suna, ba komai, mutum ya sha ya manta inda ya saya. Surafel mai ɗab'i ya ce in sa abin da ba wanda yake da shi. To me nake da shi da ya wuce ita? Matar nan ta ƙarar da ƙuruciyarta a bakin ƙofar tashar nan, ita da buta da kurfoti, rana da ruwa. Na ce bari garin nan ya san fuskarta. Laifi ne?"

"Kin tambaye ta?"

"Na nuna mata kafin a buga."

"Ta ce me?"

Wubalem ta kawar da kai.

"Na ce ta ce me?"

"Me za ta ce, Etiye? Kin fi kowa sanin tun da ɓarin jikinta ya shanye ko sunana ba ta iya kira."

"To me ta yi?"

"Kuka ta yi. Ta riƙa dukan katifa da hannun nan mai lafiya."

"Sai kika ce murna ce."

Muryar Wubalem ta yi ƙasa.

"Na ce murna ce."

Etiye Askale ta saki hannunta, ta zauna daɓas a kan buhun ɗanyar gahawa kamar an zare mata laka. Faɗan ya bar fuskarta gaba ɗaya. Abin da ya maye gurbinsa shi ya fi tayar wa Wubalem hankali, don tun da take ba ta taɓa ganin tsoro a idon matar nan ba.

"Da yawa suka fita?"

"Kwali-kwali. Tun farkon damina nake sayarwa a ciki."

"Su wa ke saya?"

"Direbobi. Fasinjoji. Duk mai sauri."

"Na wace hanya?"

"Duk motar da ta tashi daga Asko mana. Fiche, Dejen, Debre Markos..."

Etiye Askale ta yi alamar gicciye a fuskarta da ƙirjinta.

"Ya Maryam, ki rufa mana asiri."

"Me ke Debre Markos, Etiye? Mu me ya haɗa mu da can? Emaye ai 'yar Wollo ce, danginta duk yunwa ta kwashe su."

"Haka ta ce miki."

"Haka ta ce min? Me kike nufi da haka ta ce min?"

Kafin ta amsa labulen ya motsa, Gashe Demissie ya leƙo da kofinsa a hannu.

"Ku yi haƙuri, ba saurare nake ba, kunnen ne ba ya da murfi. Na ji an ambaci Markos. Wubalem, ashe ban ba ki labari ba? Shekaranjiya na sauke fasinja a can, kofin nan yana gaban motata. Wata mata mai kamala, da ganinta ta ci ta ƙoshi, ta zo karɓar saƙo. Tana ganin kofin ta ƙame. Na ce ko aljanu ne. Ta ce in ba ta shi, na ce an sha a ciki, ta ce ko an yi tofi a ciki tana so."

Etiye Askale ta miƙe a hankali.

"Sai ka ba ta."

"Kofin banza? Na ba ta mana. Ta tambayi inda ake samunsa, na yi mata kwatance tiryan-tiryan, har mai facin taya na gaya mata. Ko da ban yi ba, ai lambar wayar Wubalem tana jiki ɓaro-ɓaro."

"Ka kashe mu, Demissie."

"Ni? Talla na yi wa yarinya kyauta! Ku mata, in an yi muku alheri..."

"Fita."

"Askale..."

"Na ce fita!"

Ya saki labulen yana gunaguni. Wubalem ta lalubo waya a aljihun rigar aikinta ta kira Surafel. Yana ɗauka ƙarar injin ɗab'i ta cika mata kunne.

"Uwar ɗakina! Yanzu nake shirin kiran ki. Kashi na biyu ya fito, kin ga kalar kuwa? Zanen wuyan nan ya fito fes, kamar ki taɓa."

"Surafel, ka tsayar."

"In tsayar da me?"

"Komai. Kar ka ƙara buga ko ɗaya. Hoton da ka ɗora a shafinka ma ka sauke shi yanzun nan."

Ya yi dariya.

"Wasa kike? Wube, hoton nan ya fi duk aikin da na taɓa yi tafiya. Mutane sun kwafa sun yaɗa, har daga Bahir Dar aka kira ni wai ana son irinsa. Ko na goge nawa, na mutane fa?"

"Ka roƙe su."

"In roƙi wa? Na san su ne? Wai me ya faru? Wani ya ce bai yi kyau ba? In masu shagon gilashin nan ne, baƙin ciki ne kawai, kar ki..."

"Babu hanyar da za a dawo da su?"

"Kofunan? Wube, kofin shan-ka-yar ne. Amfaninsa kenan, ya tafi. Ke kika ce min kina so fuskarta ta kai inda ƙafarta ba ta kai ba."

Ita ta faɗa. Ta tuna ranar, ta tuna har tafa hannu suka yi.

Ta kashe wayar.

Ta fito ta ba direbobi haƙuri, ta ce an yi mata kiran gaggawa. Suka fita suna mita, kowa da fuskar Emaye a hannunsa, wani ya nufi motar Dejen, wani ta Markos. Tana kallonsu. Ta buɗe baki ta ce su dawo mata da kofunan, ta ga ba ta san abin da za ta ce musu ba in sun tambayi dalili. Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo.

Gidan ba nisa, lungu biyu ne a bayan tasha. Suna tafe ruwa yana yayyafi, Etiye Askale tana ɗingishi a gaba, ba ta waiwayo ba.

Emaye tana kwance inda Wubalem ta bar ta da safe, an jingina ta da matashi, fuskarta tana kallon taga. Ɓarin bakinta na dama ya karkace. Zanen wuyan nan da ya fito fes a kofi, a jikinta ya dusashe ya shige cikin tamoji. Tana ganin Askale idonta ya kawo ruwa, ta ɗaga hannun hagu.

Askale ta kama hannun ta sumbace shi, ta kira ta da sunanta.

"Tiruwork, na dawo. Na gani. Na ga abin da aka yi."

Emaye ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ya shige kunnenta.

Wubalem ta durƙusa a gaban gadon.

"Emaye. Emaye, ki dube ni. Ranar nan da na kawo miki kofin, hana ni kike yi?"

Hannun ya matse na Askale.

"Hana ni kike yi, ni kuma ina ta dariya ina ce miki kin zama tauraruwa?"

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Emaye, ba kalma ba, irin wanda take yi in tana son ruwa ko in tana son a juya ta. Wubalem ta saba fassara shi. Yau ta kasa.

"Wa kika sani a Debre Markos?"

Idon Emaye ya buɗe gaba ɗaya. Ta kalli Askale. Ta kalli ƙofa. Ta fara jan jikinta da hannu ɗaya kamar mai son sauka daga gadon, ɓarin da ya mutu yana riƙe ta. Bargon ya zame ƙasa.

"Emaye, za ki faɗi! Tsaya!"

"Kin gani ko?" in ji Askale. "Kin ga abin da nake gudu? Ki daina ambatar garin nan a gabanta."

Suka taru suka mayar da ita. Wubalem ta goge mata baki da gefen mayafi, ta juya ga Askale.

"To ke ki gaya min."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Na rantse mata. A cikin cocin Maryam, hannuna a kan gicciye, ke kina bayanta a goye. Na ce har in shiga ƙasa ba za a ji a bakina ba."

"Ita ba ta iya magana, ke kin rantse. Ni fa? In tambayi bango?"

"Ki tambayi Ubangiji ya sa matar nan ta jefar da kofin a hanya."

"Bashi ta ci? Kisa ta yi? Mahaifina ne? Kun ce soja ne, ya mutu a arewa kafin a haife ni. Ƙarya ne shi ma?"

"Wubalem."

"Yana raye? Matarsa ce take neman mu?"

"Ki rage murya, tana jin ki."

"Ai gara ta ji! Emaye, ko ƙifta min ido ki yi. In mahaifina ne ki ƙifta sau ɗaya."

Emaye ba ta ƙifta ba. Kallonta kawai take yi, irin kallon da ake yi wa wanda ya hau mota za a rabu. Ta saki hannun Askale, ta lalubo fuskar Wubalem, ta shafa kuncinta da babban yatsa, ta shafa, ta shafa.

Wayar Wubalem ta yi ƙara.

Baƙuwar lamba.

Su uku suka zuba wa wayar ido har ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara.

"Kar ki ɗauka," in ji Askale.

"Wataƙila mai son gahawa ne. Ofisoshi suna kira in kai musu."

"Na ce kar ki ɗauka."

Ta katse. Ba a sake kira ba.

Askale ta ja ta ƙofar ɗaki, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ki saurare ni da kyau. Ki koma shagon yanzu. Duk kofin da ya rage ki kwaso, allon nan na saman ƙofa ma ki sa a sauke shi, tunda shi ma fuskarta kika manna. Ni zan nemi mota. Akwai 'yar ƙanwata a Sebeta, can za mu kai ta kafin rana ta faɗi."

"Mu gudu da mara lafiya? A ruwan nan? Daga wa muke gudu?"

"Ki yi abin da na ce."

"Shagon fa? Yanzu ya fara tsayawa da ƙafarsa, Etiye. Da shi nake sayen maganinta."

"Ki zaɓa, shago ko uwarki."

Wubalem ta waiwaya. Emaye ta juyar da fuska bango, kafaɗarta ɗaya tana motsi.

Ta ɗauki lema ta fita.

Duk hanyar idonta a ƙasa yake, kuma ko'ina ta duba sai ta ga Emaye. A bakin kwata. A ƙarƙashin tayar bas. A kan tarin shara, an cusa mata guntun sigari. Da can in ta ga haka daɗi take ji, ta ce ciniki ya yi. Ta sunkuya ta tsinci ɗaya, ta tsinci na biyu, ta cika hannu, ta hango wasu can gaba ruwa yana tafiya da su. Ta tsaya da su a hannu ba ta san inda za ta kai su ba.

Tana shan kwanar mai facin taya ta hango ta.

Mace ce a tsaye ƙarƙashin rumfar shagon, ta ɗaga kai tana kallon allon. Za ta girme wa Wubalem da 'yan shekaru. Doguwar riga mai tsada, farin mayafi mai bakin zare kore, jaka a maƙale a hannu. Ruwan rumfar yana ɗiga a kafaɗarta ba ta matsa ba.

Wubalem ta so juyawa. Matar ta riga ta gan ta, ta ga kofunan da ke hannunta, ta ga mabuɗin.

"Sannu. Ke ce mai wurin?"

"Mun rufe."

"Na kira lambar ba a ɗauka ba."

Wubalem ta kira ta da lakabin girmama mace. "Na ce mun rufe, Weizero. Ga shago can a tsallake."

"Tun asuba na taso daga Debre Markos. Ba gahawa ta kawo ni ba, amma in kin ba ni zan sha. Sunana Banchayehu."

Muryarta ba faɗa a ciki. Da ta zo da faɗa da Wubalem ta san yadda za ta yi da ita. Mai facin taya ya bar aikinsa yana kallonsu, masu jiran mota ma sun fara juyowa. Ta ga gara a ciki. Ta buɗe kwaɗon.

Matar ta zauna a kan kujerar da ke kusa da ƙofa. Ta buɗe jaka ta fito da wani abu a naɗe cikin hankici, ta warware a hankali. Kofin ne. An wanke shi, an shanya, an gyara masa baki.

Ta ajiye shi a kan tebur, fuskar tana kallon Wubalem.

"Wace ce wannan?"

"Ba kowa ba ce. Zane ne. Mai ɗab'i ne ya ƙirƙiro ta."

"Ya iya ƙirƙira."

"Ya iya."

"Har da wannan?"

Ta ɗora farce a kan girar hagu ta hoton, inda gashin ya rabu biyu, ɗan fili siriri a tsakani. Surafel ya so ya cike wurin, Wubalem ta ce ya bar shi, haka Emaye take.

"Ni na yi mata wannan," in ji Banchayehu. "Ina yarinya. Ta hana ni fita wasa, na jefe ta da murfin gwangwani. Jini ya rufe mata ido, amma da mahaifina ya dawo ta ce ƙofa ce ta buge ta, don kar a dake ni."

Wubalem ta nemi kujera ta zauna.

"Rigar nan ta jikinta ta mahaifiyata ce. Ara mata ta yi ranar bikin Timket, ta ce ita ma ta yi ado kamar kowa. Mu duka aka ɗauka a hoton, a ƙofar gidanmu. Naki an yanke shi, ko? Gefe ɗaya ba daidai yake ba."

An yanke shi. Da almakashi, a karkace. Wubalem ta ɗauka tsufa ne ya cinye gefen.

"Kin yi kuskure, Weizero. Sunan mahaifiyata Tiruwork, 'yar Wollo ce."

"Yanzu ta zama mahaifiyarki. Ɗazu zane ce."

Wubalem ta ciji leɓe.

"Mu Yezab muka san ta," in ji matar. "Ba ta taɓa taka Wollo ba. Tana raye?"

Wubalem ta dubi kofin da ke kan tebur.

"Don girman Maryam, tana raye?"

"Tana raye. Ba ta da lafiya. Ba ta magana, ba ta tafiya, ba abin da za ta iya yi miki ko ta yi wa wani. Ko me ta ɗauka muku, ki gaya min, ni zan biya. Ki bar ta ta mutu a gadonta."

Banchayehu ta rufe ido ta daɗe. Da ta buɗe sun yi ja.

"Ba ta magana."

"Ko kalma ɗaya."

"Shekara talatin da wani abu ina tara tambayoyin da zan yi mata. Ashe ko na same ta ba mai ba ni amsa."

Wani tunani ya faɗo wa Wubalem. Ta dubi goshin matar, ta dubi hancinta, ta ji kamar ta san su a wani wuri.

"Ke... 'yarta ce? Ta haife ki ta bar ki a can?"

Banchayehu ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"'Yarta? Yezab ba ta taɓa haihuwa ba. Duk unguwarmu an sani. A kan haka mijinta ya kore ta, ta zo gidanmu aiki. Mahaifiyata ta riƙe ta kamar ƙanwa, kwano ɗaya suke cin injera."

"Ba ta taɓa..."

"Ko ɓari."

"To ai ga ni."

Matar kallonta take yi tun daga goshi har haɓa, a hankali, ba ta ko ƙiftawa.

"Ga ni, na ce! A nan Addis ta haife ni. Etiye Askale shaida ce, ki je ki tambaye ta!"

"Wata ranar kasuwa," in ji Banchayehu, "mahaifiyata tana kwance da zazzaɓi. Yezab ta ce bari ta goya ƙanwata jaririya ta je niƙa, don mai jego ta samu barci. Ni na miƙa mata zanin goyon da hannuna. Na bi ta har bakin ƙofa ina kuka sai ta tafi da ni, ta ce in jira, za ta sayo min rake."

Ruwan sama ya ƙaru, yana dukan kwanon rufi.

"Na jira. Mahaifina ya je Bahir Dar, ya je Gondar, ya zo garin nan ya fi a ƙirga. Ya mutu yana tambayar direbobi. Mahaifiyata tana nan da ranta, idonta ya tafi, amma har yau in ta ji an taɓa ƙofa sai ta ce a duba ko Yezab ce ta dawo da jaririyarta Mastewal."

"Ban san wata Mastewal ba."

"Na sani."

"Sunana Wubalem."

"Na ji."

"Ki tashi ki fita min daga shago. Don Allah. Ki tashi."

Banchayehu ba ta tashi ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur.

"Zan fita. In na yi kuskure zan durƙusa a nan in nemi gafararki, in hau motar yamma, ba za ki sake ganina ba. Abu ɗaya kawai. Ƙanwata tana da tabo. Ana gahawa a gidanmu garwashin turare ya yi tsalle ya faɗa mata, ita tana kwance a cinyata. Ya bar mata shaida kamar ƙwayar wake, a bayan kunne, inda gashi yake rufewa."

Ta ɗago ido ta dubi Wubalem.

"A kunnen..."

Ba ta ƙarasa ba.

Hannun Wubalem ya riga ya tashi da kansa, ya dafe bayan kunnenta na dama.